Gyambon Baki Ba Abin Rainawa Ba Ne

Ran 15 ga watan Disamba, 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da sanarwar cewa ta shigar da cutar noma cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi waɗanda duniya ta daɗe tana yi wa riƙon sakainar kashi. Ita ce ta 21 a cikin jerin. Gwamnatin Tarayyar Nijeriya ce ta ja ragamar neman wannan matsayi, domin kuwa a watan Janairu na shekarar ita ta miƙa wa Hukumar takardun hujja a madadin ƙasashe 32. Kafin nan, a cikin 2021, babban taron lafiya na duniya ya zartar da wani ƙuduri a kan lafiyar baki wanda ya nemi a duba wannan batu.

Shigar da sunan cuta cikin irin wannan jeri yana da amfani, gama yakan buɗe ƙofar samun kuɗin bincike da na agaji, ya kuma zaburar da ma'aikatun lafiya su riƙa ƙidaya masu fama da ita. Amma fa yaron da ke kwance a wani ƙauye na ƙasar Sakkwato ko ta Damagaram, dasashinsa na zubar da jini, bakinsa na ɗoyi, bai san abin da aka zartar a birnin Janiba ba. Abin da zai raba gardama a kan ko zai tsira da ransa da fuskarsa shi ne a sami wanda zai buɗe bakinsa ya duba tun cikin kwanakin farko, ya kuma iya bambanta gyambon da zai warke don kansa da gyambon da ke nuni ga wata babbar cuta. Wannan bambancewa ita ce ginshiƙin al'amarin duka, ga noma da kuma sauran cututtuka da dama waɗanda sukan fara bayyana a cikin baki tun kafin a gan su a wani sashe na jiki.

MECE CE CUTAR NOMA?

Sunan bai da wata dangantaka da noman gona. Daga harshen Girkanci ya samo asali, daga kalmar da ke nufin cinyewa, saboda yadda cutar ke cinye naman fuska. A ƙauyuka wasu na kiranta ciwon iska, wasu kuwa ciwon daji, kuma sunayen nan biyu duk suna ɓad da mutane. Wanda ya ɗauka aikin iskoki ne ba zai nufi asibiti ba, wanda kuma ya ɗauka sankara ce sai ya fid da rai, alhali kuwa cuta ce da magani mai araha ke tsayarwa in an tare ta da wuri.

Noma ta fi kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6, watau daga lokacin yaye zuwa sama kaɗan. Ƙwayoyin cutar da ke haddasa ta irin waɗanda ke zaune ne a cikin baki, ba kuwa ɗaukarta ake yi daga wani yaro zuwa wani ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: idan tamowa ta raunana yaro, sa'an nan ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro ko ƙanjamau suka ƙara karya garkuwar jikinsa, ga kuma rashin tsabtar baki, sai ƙwayoyin nan su sami ƙarfin afka wa dasashi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa cutar zuwa mataki biyar. Da fari dasashi yakan yi gyambo, ya riƙa zubar da jini, yaro ya riƙa dalalar da miyau, bakin na fid da wari mai tsanani. A mataki na biyu kunci ko leɓe ya kumbura, zazzaɓi ya taso, cin abinci ya gagara. A na uku naman ya mutu ya yi baƙi, ya zube ya bar rami a fuska. Na huɗu lokacin tabo ne, inda muƙamuƙi kan ƙage har baki ya kasa buɗuwa. Na biyar kuwa shi ne nakasar da mutum zai rayu da ita. Daga matakin farko zuwa na uku abin bai fi 'yan kwanaki ba, sau da yawa bai kai mako biyu ba. A matakai biyu na farko ana iya shawo kan cutar da magungunan kashe ƙwayoyin cuta irin su amoksisilin da metronidazol, wanda aka fi sani da Flagyl, tare da wanke baki da abinci mai gina jiki. Bayan nan kuwa, ko an ceci ran yaro, naman da ya zube ba ya dawowa sai da aikin tiyata mai wuya, wani lokaci sau da yawa a jere.

Ƙiyasin da Hukumar ta yi a 1998 ya nuna cewa yara 140,000 ke kamuwa a kowace shekara a duniya, kuma kimanin tara daga cikin goma na waɗanda ba su sami magani ba sukan mutu. Har zuwa lokacin sanarwar 2023 wannan tsohon adadi ake ta maimaitawa, abin da ke nuna irin sakacin da aka yi wajen ƙidaya. Mafi yawan yaran sukan mutu a gida ba tare da sunansu ya shiga littafin wani asibiti ba.

GYAMBON DA KOWA YA SANI

Abin da ke sa a raina gyambon baki shi ne yawancinsa ba ya da haɗari. Kimanin mutum ɗaya cikin biyar kan yi fama da wani ɗan ƙaramin gyambo mai zagaye, fari ko rawaya a tsakiya, ja a gefe, a cikin leɓe ko kunci ko ƙarƙashin harshe. Yana da zafi ƙwarai in gishiri ko yaji ya taɓa shi, amma yakan warke don kansa cikin kwana 7 zuwa 14 ba tare da ya bar tabo ba. Gajiya da damuwa sukan tayar da shi, shi ya sa ɗalibai kan gan shi gab da jarrabawa. Haka nan cizon harshe, ko karyayyen haƙori mai kaifi, ko abinci mai zafi sukan jawo miki wanda zai warke da zarar an kau da abin da ya jawo shi. Idan kuwa irin wannan gyambo ya cika dawowa, to, akwai buƙatar a auna jini, domin ƙarancin sinadarin ƙarfe, ko folik asid, ko bitamin B12 yana daga cikin dalilansa.

Tun da yake jama'a sun saba da wannan, sai a riƙa yi wa kowane miki na baki kallo iri ɗaya. In yaro ne a ce haƙori yake fitarwa, in babba ne a ce zafin ciki ne ya taso. A ƙarƙashin wannan zato ne manyan cututtuka ke samun lokacin da suke buƙata.

CUTUTTUKA MASU YAƊUWA

A cikin yara ƙanana, ƙwayar bairos da ake kira hafis takan jawo zazzaɓi tare da ƙananan ƙuraje masu ruwa birjik a dasashi da harshe da leɓe, su fashe su zama gyambo. Akwai kuma wata bairos mai fid da ƙuraje a baki da tafin hannu da tafin ƙafa a lokaci guda. Su biyun sukan wuce cikin mako ɗaya ko biyu, babban haɗarinsu shi ne yaro ya ƙi shan ruwa saboda zafi har jikinsa ya bushe.

Ƙyanda ma a baki take fara sallama. Kwana ɗaya ko biyu kafin ƙuraje su feso a fata, akan ga wasu ɗigo-ɗigo farare kamar ƙwayar gishiri a cikin kunci daura da turamen haƙora. Wani likitan yara na Amurka, Henry Koplik, shi ya bayyana su a 1896, har yau kuma da sunansa ake kiransu. Ma'aikacin lafiyar da ya gan su zai iya ware yaron daga sauran yara, ya ba shi bitamin A, ya kuma ci gaba da lura da bakinsa bayan ya warke, domin makonnin da ke biye da ƙyanda su ne lokacin da noma ta fi samun shiga.

Farin abu a baki shi ma iri biyu ne da bai kamata a gauraya su ba. Akwai wanda wata ƙwayar cuta dangin fumfuna ke jawowa, fari kamar guntun kindirmo a harshe da kunci, wanda in an goge shi zai fita ya bar wurin ja. Ga jariri wannan ba abin tsoro ba ne. Akwai kuma wata fata mai launin toka da ke manne a maƙogwaro, wadda ba ta fita da sauƙi, in an matsa mata sai ta yi jini, wuyan yaro kuma ya kumbura. Wannan alamar mashaƙo ce, cutar da ta ɓarke a Nijeriya daga ƙarshen 2022, ta kuma fi yin ɓarna a Jihar Kano, galibi a tsakanin yaran da ba a yi wa rigakafi ba. Mashaƙo na iya toshe numfashi, gubarsa kuma ta taɓa zuciya, saboda haka jinkirin yini ɗaya ma asara ce.

A wajen manya, tunjere yakan fara da gyambo guda ɗaya tak, mai tauri a gindi, marar zafi, a leɓe ko harshe, ya ɓace don kansa bayan 'yan makonni alhali cutar na nan tana bin jini. Tarin fuka kan fid da gyambo a harshe wanda ba ya warkewa, galibi ga mai tari da rama. Ƙanjamau kuwa, sau da yawa baki ne ke fara tona asirinta. A cikin tsarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi na matakan cutar guda huɗu, gyambon baki mai yawan dawowa yana cikin alamun mataki na biyu, farin fumfuna mai naci da ruɓewar dasashi kuma suna cikin na uku. Binciken ƙasa da aka gudanar a 2018 ya ƙiyasta cewa mutum kusan miliyan 1.9 ke ɗauke da ƙwayar cutar a Nijeriya. Tun da yake yanzu akwai magungunan da ke danne ta mutum ya yi rayuwarsa, babban mutumin da farin fumfuna ya addabi bakinsa ba tare da wani dalili bayyananne ba ya kamata a auna shi, a kuma duba masa ciwon sukari, gama shi ma yakan jawo haka.

IDAN GARKUWA TA JUYO KAN MAI ITA

Duk waɗanda aka ambata a sama ƙwayoyin cuta ne ke yin ɓarnar, ko dai don ƙarfinsu ko don raunin garkuwar jiki. Akwai kuma wani rukuni na dabam inda garkuwar ce da kanta ke ruɗewa ta afka wa naman mai ita, ba tare da wata ƙwayar cuta ta shigo ba.

Cutar Behcet, wadda wani likitan fata na ƙasar Turkiyya, Hulusi Behcet, ya bayyana a 1937, ta fi yawa a Turkiyya da ƙasashen da ke kan tsohuwar hanyar fataken siliki daga gabashin Bahar Rum zuwa Japan. Bisa ƙa'idar da masana suka amince da ita a 1990, ana zarginta ne idan gyambon baki ya dawo aƙalla sau uku cikin wata 12, tare da biyu daga cikin wasu alamu, kamar gyambo a al'aura, da ciwon ido, da ƙurajen fata. Muhimmancin gane ta shi ne ciwon idon na iya kai ga makanta. Cutar lufus kuwa, wadda kusan tara cikin goma na masu ita mata ne, yawancinsu a shekarun haihuwa, takan fid da gyambo a ganɗa wanda sau da yawa ba ya zafi, tare da ciwon gaɓoɓi da zubewar gashi da tabo a fuska, in an bar ta kuma ta lalata ƙoda. Wata mai suna famfigus takan fara da kumburi mai ruwa a baki wanda ke fashewa ya bar ɗanyen miki, ta yi watanni a haka kafin ta bazu a fata. Wasu cututtukan hanji ma sukan zo da gyambon baki tare da gudawa mai naci da rama.

Magani shi ma yakan zama sanadi. Wasu mutane jikinsu ba ya karɓar magungunan da ke ɗauke da salfa, irin su Septrin da Fansidar, ko wasu magungunan farfaɗiya. Cikin kwanaki ko makonni da fara sha sai leɓe da baki da idanu su saɓule, fata ta yi kamar ƙuna. Wannan lamari ne na gaggawa, matakin farko kuwa shi ne a tsai da maganin nan take. A ƙasar da ake sayen ƙwayoyi a kasuwa da tasha ba tare da takardar likita ba, ba abu ne da za a yi watsi da shi ba.

Daga ƙarshe akwai sankarar baki, wadda ta fi samun manya masu shan taba ko tauna ta da masu shan giya. Takan fara kamar ƙaramin gyambo a gefen harshe ko ƙasan baki, gefensa da tauri, sau da yawa babu zafi a farko. Ƙa'idar da likitoci ke bi a kanta a fili take: duk gyambon da ya wuce mako uku bai warke ba, a kai shi ga likita.

YADDA AKE GANEWA

Mafi yawan aikin gane asalin gyambo ba ya buƙatar na'ura mai tsada. Tambaya ce da duba. Shekarun mai ciwon nawa? Yaushe gyambon ya fara? Guda ɗaya ne ko da yawa? Ya taɓa zuwa ya tafi? Da zafi ko babu? Akwai zazzaɓi, ko rama, ko tari, ko ciwon ido, ko miki a wani wuri? Wane magani aka sha kwanan nan? In yaro ne, yaya abincinsa, an yi masa rigakafi, ya yi ƙyanda a bayan nan? Sa'an nan a haska tocila a duba dasashi da harshe da ganɗa da maƙogwaro, a shafa wuya a ji ko akwai kaluluwa. Daga amsoshin nan ne za a san wanda za a sallama da ruwan gishiri mai ɗumi na kurkurar baki, da wanda za a auna wa jini don neman ƙanjamau ko tunjere ko lufus, da wanda za a auna wa majina don tarin fuka, da wanda za a yanki ɗan ƙaramin nama daga gefen gyambonsa a kai ɗakin bincike.

Dalilin da ya sa ba a yin gaggawar ba da magani kafin a gane cutar shi ne maganin wani rukuni guba ne ga wani. Cututtukan da garkuwa ke jawowa ana kwantar da su ne da magungunan da ke rage ƙarfin garkuwar, irin su sitiroyid. Idan aka ba da irin wannan ga mai tarin fuka ko mai fumfuna ko yaro mai tamowa, an ƙara wa wuta makamashi ke nan. Haka kuma wanda ke da famfigus ko sankara zai iya shafe watanni yana shan magungunan kashe ƙwayoyin cuta ba tare da wani amfani ba, cutar na ƙara cin gaba. Ɗora ƙwayar asfirin ko wani abu mai ƙuna a kan miki kuwa sabon miki yake haifarwa, ya kuma ɓata wa likita alamun da zai duba.

INDA GIZO KE SAƘAR

Nijeriya ba ta zauna hannu rabbana ba a kan noma. Tun 1999 aka buɗe asibitin yara masu cutar a Sakkwato, kuma daga 2014 ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ta shiga taimaka masa, ana yi wa marasa lafiya tiyata kyauta. A 2023 aka buɗe wata cibiyar a Babban Asibitin Ƙasa da ke Abuja, an kuma keɓe ran 20 ga watan Nuwamba na kowace shekara don faɗakar da jama'a. A Jumhuriyar Nijar ƙungiyar Sentinelles ta ƙasar Suwizalan ta fara kula da irin waɗannan yara a Damagaram tun farkon shekarun 1990. Duk wannan abin yabo ne. Sai dai asibitin tiyata yana karɓar waɗanda suka tsira ne, su kuwa kaɗan ne daga cikin waɗanda suka kamu.

Tarihi ya nuna inda maganin yake. Noma ta kasance sananniyar cuta a Turai har cikin ƙarni na 19, ta kuma ja da baya ne sa'ad da abinci da tsabta suka inganta, tun kafin a sami magungunan kashe ƙwayoyin cuta. Da yunwa ta dawo a sansanonin gwale-gwale na 'yan Nazi lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sai ita ma ta dawo. Watau ma'aunin talauci ce. Saboda haka duk inda rashin tsaro ya hana manoma zuwa gona, ya kori ma'aikatan rigakafi, ya cika sansanonin 'yan gudun hijira da yara masu tamowa, kamar yadda ya faru a sassan Arewa maso Yamma da Arewa maso Gabas, to, an shimfiɗa mata tabarma.

Likitocin haƙori kaɗan ne, yawancinsu kuma a manyan birane suke. Wanda uwa ke fara kai wa ɗanta shi ne mai maganin gargajiya, ko wanzami, ko mai kemis, ko malamin ɗakin shan magani. Tun taron Alma-Ata na 1978 duniya ta amince cewa lafiya a matakin farko ita ce tushe, kuma a kan wannan ne Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ya gina manufarsa sa'ad da yake Ministan Lafiya daga 1985 zuwa 1992. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta tanadi aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya don wannan mataki. Tsari da doka dai akwai su. Abin da ya rage shi ne duban baki ya shiga cikin aikin yau da kullum.

Wajibi ne ma'aikatun lafiya na jihohi su umarci kowane ɗakin shan magani da kowace cibiyar kula da tamowa su buɗe bakin duk yaron da aka kawo, ko da ba don baki aka kawo shi ba, su kuma tanadi magungunan matakin farko da tocila da littafin rubuta abin da aka gani. Ya kamata makarantun koyon aikin jinya da na kiwon lafiya su sa wannan darasi cikin jarrabawarsu. Masu maganin gargajiya da masu kemis a jawo su a jika, a koya musu alamu uku da za su sa su tura yaro asibiti a ranar: jini a dasashi, wari mai tsanani, da kumburin kunci. Allurar ƙyanda ta wata tara da ta wata 15 kuwa a tabbata ta kai ga kowane ƙauye, domin rigakafi ya fi magani.

Ma'aikatan gwamnati da ɗalibai su ma suna da nasu rabo, gama su ne ake jin maganarsu in sun koma gida hutu. Koya wa iyaye mata su riƙa tsabtace bakin yaro da asawaki ko tsumma mai tsabta da ruwan gishiri, su kuma leƙa cikinsa duk lokacin da ya ƙi cin abinci, ba ya cin ko kwabo. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Nan gaba za a auna amfanin sanarwar 2023 ne da yawan yaran da aka tare cutarsu tun tana dasashi, waɗanda ba za su taɓa buƙatar gadon tiyata a Sakkwato ba.